Ranar da Edilene Ba Ta Nemi Albarka Ba

Shafi na 23

Ku da kuka hana wayata sakat tun jiya, to ga shi nan. Mai cewa na cika jan rai, ta zo ta wuni a kan keke tana ɗinka aljihun wando, sannan ta zauna rubutu mu ga ƙarfinta.

*

Tun da Edilene ta yi wayo, ba ta taɓa haɗa ido da Dona Quitéria ta wuce ba tare da ta kama hannunta ta sumbata ba. Ko a kasuwa, ko a bakin coci, ko da kuwa suna fushi da juna.

"Sa mini albarka, Dinda."

"Allah ya yi miki albarka, 'yata."

Haka kowa yake yi wa uwar baftismarsa, wato Dindarsa, a garinmu Toritama, balle wadda ta ɗauke ka ta raina bayan mahaifiyarka ta rasu. Amma yau, a barandar kotun ma'aikata ta Caruaru, lauyanta ya ce a'a.

Dotor Cleiton ya ja ta jikin bango, ƙamshin turarensa har yana sa ta tari.

"Ki buɗe kunne da kyau. Daga yanzu har mu fito, tsohuwar nan ba Dindarki ba ce. Tsohuwar abokiyar aiki ce, shi ke nan. Ba sumbatar hannu, ba runguma, ko kallo mai tsawo ban yarda ba."

"Dotor, ita fa ta raine ni."

"Ai shi ne matsalar. In alƙaliya ta ji haka, maganarta ba za ta yi nauyin ta bare ba. Sai a saurare ta kamar mai ba da labari a bakin rijiya. Kina da wata shaidar ne?"

Edilene ta girgiza kai. Ba ta da kowa. Shekarunta a kamfanin ɗinkin Seu Genival sun fi na wasu auren tsawo, ta ɗinka wandon jins har wuyan hannunta na dama ya kumbura ya ƙi lanƙwasuwa, sai aka ce ta tafi gida ta huta, hutun da ba a dawowa. Matan da suka yi ta kuka ranar da aka sallame ta, da ta nemi ɗaya ta zo ta yi mata shaida, kowace ta ce ɗanta ba lafiya. Ban ga laifinsu ba, a kekensa suke ci. Dona Quitéria ce kaɗai, wadda ta tsufa tana tsinke zare a kamfanin kafin ta ajiye aiki, ta ce ko a kan jaki za ta zo.

"In aka gane fa, Dotor?"

"Wa zai gane? Seu Genival ba ya taka kotu, ya fi ƙarfin zaman benci. Akawunsa yake turowa, mutumin Recife, wanda ko hanyar cocinku bai sani ba. Na riga na yi wa tsohuwar bayani a waya. Ke dai ki kama bakinki."

Yana rufe baki sai ga ta tana hawowa matakala a hankali, cikin rigarta ta zuwa coci mai ɗigon shuɗi, jaka a maƙale a hammata. Da ta hango Edilene, hannunta na dama ya ɗago da kansa, yadda ya saba.

Edilene ta juya fuska ta kalli bango.

Hannun ya tsaya a sama kamar mai jiran canji, sannan ya sauka a hankali ya koma kan jaka. Tsohuwar ta wuce ta zauna can ƙarshen benci, cikin mutanen da ba ta sani ba. Edilene ta bi ta da wutsiyar ido. A ranta ta ce, ranar da aka fara da hana albarka, ina za ta ƙare?

Akwai kuma abin da ya fi wannan cin ranta, abin da kunya ta hana ta gaya wa lauyan tun ranar farko.

"Dotor, akwai maganar da ban faɗa maka ba. Shi Seu Genival ɗin..."

Lasifika ta katse ta. An kira sunanta da na kamfanin.

"Sai mun fito," in ji shi, ya tura ta ciki.

*

Ɗakin ƙarami ne, sanyinsa kamar na wurin ajiyar nama. Alƙaliya tana zaune a sama, mace mai furfura a goshi da tabarau a kan karan hanci. A ƙasa dogon tebur, Edilene da lauyanta a gefe guda, akawun kamfani da lauyarsu Dotora Marluce a ɗaya gefen.

"Akwai sulhu?" alƙaliya ta tambaya.

Dotora Marluce ta faɗi wani ɗan abin da ba zai sayi keken ɗinki na hannu ba. Dotor Cleiton ya yi dariya har da dafa ƙirji.

"Ranki ya daɗe, wannan ko kuɗin man shafawa a hannun bai kai ba."

Alƙaliya ba ta yi dariya ba. Ta duba takardun gabanta, ta ɗago ta dubi Edilene.

"Dona Edilene, kin san adadin da aka rubuta kina nema?"

"Na... na sani, ranki ya daɗe."

Ta sani mana. Adadin ya isa sayen gida da fili. Ranar da ta gani ta ce, Dotor, ni ban ce haka ba, shi kuwa ya ce ai ko a kasuwar wando sama ake farawa a sauko.

"To bari in gaya miki abin da nake gaya wa kowa, don kada gobe a ce ba a ji ba," in ji alƙaliya. "A nan, wanda ya faɗi shi yake ɗaukar wani kaso na ladan lauyan abokin shari'arsa. Ke kin nuna ba ki da hali, na kuma karɓa. Saboda haka in kin faɗi da gaskiyarki, ba wanda zai zo ya ƙwanƙwasa miki ƙofa muddin kina cikin rashin. Faɗuwa ba laifi ba ce. Kin gane?"

"Na gane."

"Amma wannan rangwamen bai rufe ƙarya ba. Wanda ya kawo mini ƙarya da gangan, ko mai ƙara ne ko shaida, tara ce a kansa, talaka ne ko mai kuɗi. Kuma da adadin da kuka rubuta da hannunku nake auna ta."

Edilene ta saci kallon lauyanta. Shi kuwa yana gyara agogo, kamar da wasu ake.

"A shigo da shaida."

Dona Quitéria ta shigo ta zauna a kujerar tsakiya, ta ɗora jaka a cinya ta riƙe da hannu biyu. Ta faɗi sunanta da unguwarsu.

"Kina da dangantaka da mai ƙara?"

"A'a, ranki ya daɗe."

"Aminiyarki ce? Kina shiga gidanta, tana shiga naki?"

Edilene ta sunkuyar da kai. Gidan da ta koyi tafiya a cikinsa. Gidan da ko yau da safe, da ba don lauya ya ce su hau mota daban-daban ba, da can za ta ci dambun masara da ƙwai.

"A wurin aiki kawai na san ta," in ji tsohuwar. Muryarta ba ta yi rawa ba, wuyanta ne ya yi ja.

"Kin yi alkawarin faɗin gaskiya? Ki sani shaidar zur laifi ne, har hannun 'yan sanda tana kai mutum."

"Na yi alkawari."

Daga nan fa bakin Dona Quitéria ya buɗe, kuma duk abin da ya fito gaskiya ne tsantsa. Yadda ake kulle ƙofar kamfani in kasuwar ƙarshen shekara ta matso, ba mai fita sai an cika buhu. Yadda ake cin abinci a kan keke. Yadda Edilene take ɗaure wuyan hannu da guntun yadi tana ɗinki tana cije leɓe. Magatakarda yana ta bugawa, Dotora Marluce ta rasa ta inda za ta shiga, Dotor Cleiton har ya fara kaɗa ƙafa a ƙarƙashin tebur.

Abin haushin ke nan. Gaskiya buhu guda, an ɗora ta a kan ƙarya ƙwaya ɗaya.

Sai ƙofar baya ta yi ƙara.

Edilene ba ta waiwaya ba, amma ta san takun. Ta san ƙarar tarin makullan nan da ke rataye a ƙugu, ta yi shekara da shekaru tana jin ta a bayanta.

Seu Genival ya cire hularsa, ya zauna a bencin masu kallo. Ya dubi kujerar shaida, ya ƙara dubawa. Sai ya yi murmushi, ya miƙa wuya ya yi wa lauyarsa raɗa.

Dotora Marluce ta miƙe kamar an tsikare ta.

"Ranki ya daɗe, yanzu wani abu ya iso kunnena. Shaidar nan ta ce a wurin aiki kawai ta san mai ƙara. Uwar baftismarta ce. A ɗakinta ta girma."

"Ƙazafi ne!" Dotor Cleiton ya buga tebur. "Ina hujja? Wa ya gani?"

"Wanda ya tsaya kusa da ita a coci ranar baftismar, yana riƙe da kyandir. Ga shi can a zaune. Seu Genival shi ne uban baftismar mai ƙara."

Idanun ɗakin duk suka koma kan Seu Genival.

Dotor Cleiton ya juyo a hankali ya dubi Edilene. Ba ta iya ɗago kai ba. Maganar da ta so gaya masa ke nan a baranda. Mahaifinta, Allah ya ji ƙansa, ya yi abin da talakan garinmu ya saba, ya roƙi maigidansa ya tsaya wa jaririyarsa don ta sami inuwa. Inuwar kuwa ta samu: tana tasawa ya ba ta keke a kamfani. Yaya za ta buɗe baki ta ce wa baƙon lauya uban baftismarta, Padim ɗinta, take ƙara?

Alƙaliya ta cire tabarau ta ajiye.

"Dona Quitéria, kin ji abin da aka ce?"

"Na ji."

"Me kika ce?"

"Abin da na faɗa, na faɗa."

"Dind..." Edilene ta kama bakinta da hannu. Dotor Cleiton ya take mata ƙafa har sai da ta ji a ƙwaƙwalwa.

"Zan ɗaga zaman nan na ɗan lokaci," in ji alƙaliya, a hankali, kuma a hankalin nan ya fi tsawa ban tsoro. "Da an gaya mini gaskiya tun farko, da na saurari baiwar Allah nan ba tare da alkawari ba, in auna maganarta da abin da ta kai. Yanzu kuwa ga inda muke. Shaidar da ta gyara maganarta kafin in yanke hukunci, ba zan tura ta wurin 'yan sanda ba. In kuwa ta tsaya a kanta, aka tabbatar mini, zan tura. Tara kuma sai na duba wanda ya ƙulla abin, da wanda ya sani ya yi shiru. Ku je ku sha iska."

*

Suna fitowa Dotor Cleiton ya kama ta da faɗa ƙasa-ƙasa.

"Uban baftismarki! Kika bar ni na shiga rami da ido a rufe?"

"Na so in gaya maka, Dotor..."

"Ni ban san komai ba, kin ji ko? Ban taɓa jin kalmar Dinda a bakinki ba. In aka tambaye ki, ku kuka shirya abinku a gida."

"Amma kai ka ce..."

"Na ce me? Wa ya ji?"

Ya manna waya a kunne ya yi can ƙarshen baranda, wayar da ko ƙara ba ta yi ba.

Edilene ta lallaɓa ta tsaya kusa da bencin tsohuwar, tana kallon gabanta kamar mai jiran mota.

"Dinda, don Allah ki koma ki gyara maganar."

"Da wa kike?"

"Dinda, 'yan sanda fa aka ce."

"Ni na ce ban san ki ba, ban san ki ba. In na janye, wa zai yarda da sauran? Hannunki ya tafi a banza ke nan, shi kuma ya koma gida ya yanka akuya."

Haka ta faɗa da ƙarfin hali, amma ta ƙara ƙanƙame jakar da ke cinyarta. Matar da ko ofishin 'yan sanda in za ta wuce sai ta tsallaka titi. Ɗan kuɗin tsufan da take karɓa, rabinsa a maganin hawan jini yake tafiya. Edilene ta hango ta a bayan kantar 'yan sanda ana ɗaukar hoton yatsunta, da rigar cocin nan mai ɗigon shuɗi.

Ƙarar makullai ta matso.

"Quitéria, haka tsufa ya yi da ke? Yau har ni ba ki gane ba?" Seu Genival yana magana da taushi, kamar mai gaisuwar rashin lafiya. "Fadan cocin da ya yi mata baftisma yana nan da ransa. Rabin Toritama sun ci naman da na yanka ranar sunan yarinyar nan. Nawa kike so in kawo su tuna miki?"

Tsohuwar ta kau da kai. Ya juya ga Edilene.

"Ke kuma, 'yata. Jiya matata ta ce, Genival, je ka da kanka, wataƙila in ta ga idonka ta ji kunya. Ashe Allah ne ya turo ni. Kin ga inda lauyan titi ya kai ki?"

"Hannuna ya mutu a kekenka, Padim."

"To, ashe kin tuna sunan." Ya yi murmushi. "Ni ba mugu ba ne. Ki shiga ki ce kin karɓi tayin da muka yi miki, a rufe maganar. Ni kuma in ce wa lauyata ta bar batun shaida ya kwanta. Ba tara, ba ɗan sanda, tsohuwa ta koma gida ta sha maganinta. Abu ɗaya kawai nake so."

Ya miƙo hannunsa na dama, bayansa a sama, zoben zinariya ya nutse a cikin yatsa.

"Tun da kika kai ni ƙara ba ki nemi albarkata ba. Nema. A nan, kowa ya gani."

Barandar cike take da mutane, masu ɗinki, direbobi, magina, kowa da tasa damuwar, amma duk sun bar tasu sun zuba ido. Edilene ta dubi hannun. Sau nawa ta sumbace shi tana ƙarama, yana ba ta alawa? Sunkuyawa ɗaya ce, Dinda ta kuɓuta. Gwiwarta har ta fara lanƙwashewa.

"Edilene."

Karon farko ke nan yau da tsohuwar ta kira sunanta.

"In kika sa bakinki a hannun nan, kada ki ƙara neman nawa har in mutu."

"Dinda, za su kama ki!"

"Su kama."

Lasifika ta yi ƙara, aka sake kiran sunanta da na kamfanin. Magatakarda ya buɗe ƙofar ɗakin ya bar ta a wangale. Daga inda suke tsaye ana ganin alƙaliya ta koma kujerarta, ta mayar da tabarau, tana kallon baranda.

Seu Genival bai janye hannunsa ba.

"Ana jiranmu, 'yata."

Edilene ta dubi hannun mai zobe, ta dubi tsohuwar. In ta bi Padim, ta rasa Dinda. In ta bi taurin kan Dinda, ta kai ta hannun 'yan sanda. Ita kuwa tsohuwar, ta san ta sarai, ko za a yanka ta ba za ta shiga ta ce ta yi ƙarya ba.

Amma akwai abu ɗaya da tsohuwar ba ta taɓa iya ƙi ba.

Edilene ta sunkuya. Ta wuce hannun mai zobe, ta durƙusa a gaban benci, ta ɓamɓare yatsun tsohuwar daga jikin jaka, ta kai su bakinta. Sannan ta ɗaga murya yadda har na cikin ɗaki zai ji.

"Sa mini albarka, Dinda."

Dona Quitéria ta yi ƙoƙarin fizge hannunta, Edilene ta riƙe gam da hannun nan mai ciwo.

"Sakar ni, ke mahaukaciya ce?" tsohuwar ta ce cikin raɗa. "Tana kallonmu!"

"Sa mini albarka, Dinda."

Ba mai motsi a barandar. Tsohuwar ta dubi ƙofar da ke buɗe, ta dubi kan da ke sunkuye a cinyarta, kan da ta yi wa kitso tun ba gashin kirki. Wace uwar baftisma ce za a roƙa sau biyu a gaban jama'a ta yi shiru?

Hawaye ya gangaro mata. Ɗaya hannun ya saki jakar, ya sauka a kan Edilene.

"Allah ya yi miki albarka, 'yata."

Jakar ta faɗi ƙasa, ƙwayoyin magani suka watse a kan siminti. Seu Genival ya mayar da hannunsa aljihu. Can ƙarshen baranda Dotor Cleiton ya sauke wayar daga kunne, fuskarsa ta yi fari fat.

Daga cikin ɗaki muryar alƙaliya ta fito, ba gaggawa.

"Magatakarda, ka ji abin da na ji?"

"Na ji, ranki ya daɗe."

"To rubuta. Dona Edilene, shigo. Ki taho da Dindarki, a kira mini lauyanki shi ma." Ta ɗauki alƙalami. "Tambaya ɗaya ta rage mini, kuma ke za ki amsa ta. Wa ya ce ta ce ba ta san ki ba?"